Obadiya a Bencin Baya

Karo na nawa ke nan Obadiya yana danna wayar yana sakewa, shi kansa bai sani ba. Da farko zakaran maƙwabcinsa Malam Sha'aibu ne ya tsoma baki a tsakiyar magana. Da ya sake, sai matarsa Debora ta saki murfin tukunya a kicin. Yanzu kam ya rufe taga, ya gyara murya, ya kai wayar kusa da baki kamar mai hura koko.

"'Yan'uwa cikin Almasihu, barkanmu da Lahadi. A Bisharar yau Yesu ya ce in an gayyace ka biki, kada ka haye wurin manya, don kada a tashe ka ka ji kunya. Ka je can baya ka zauna, har mai bikin ya zo da kansa ya ce, aboki, matso gaba."

Duk Lahadi da sassafe, kafin Mas, wato sujadar coci, haka yake aika wa zauren WhatsApp na cocinsu ɗan tunani a kan karatun ranar. Babu wanda ya ɗora masa aikin nan, shi ya ɗora wa kansa, kuma gaskiya Allah ya ba shi baki. Matsalar Obadiya ɗaya ce: in magana ta yi masa daɗi, ba ya sanin wurin taka birki. Yau ma daɗin ya kwashe shi.

"Ni kaina da kuke ji, ba na neman girman duniyar nan. Wanda duk yake ƙaunata, kada ya kira ni gaba. Ku bar ni a bencin baya, ni da Ubangijina."

Ya saurara sau ɗaya, ya ji har tsigar jikinsa ta tashi, ya tura.

Debora tana tsaye a bakin ƙofa da babbar rigarsa a hannu, sabuwa dal, shadda ruwan toka, aikin wuyanta kaɗai ya isa kallo.

"Baban Comfort, wannan rigar ta bencin baya ce, ko in mayar da ita akwati?"

"Ke dai ba ki gane Littafi ba. Kawo nan."

"Na gane mana. Ana so ana kaiwa kasuwa."

Ta san abin da ke ransa, duk Suleja ma wa bai sani ba? Yau ake buɗe sabon ɗakin taro na coci, kuma a wurin cin abinci Fada, limamin cocin, zai bayyana sabon ciyaman na majalisar coci, tunda tsohon ya koma ƙauyensu. Sunaye biyu ne ke yawo a bakin mutane: Obadiya, da Ayobami mai shagunan kayan gini, wanda ya ba da kwanon rufin ɗakin.

Obadiya yana son muƙamin nan, so ba na wasa ba. Tun yana saurayi yake bin motar Abuja da asuba, a matse shi kamar buhun gawayi, ya isa ofis inda har yau wasu ba su san sunansa ba, sai dai "kai, kawo fayil". Ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya, ba walima, ba hoto a bango. Coci ne kaɗai wurin da yake mutum. Tun ginin yana rumfar kwano ya ɗauki bulo a ka, ya koya wa yara katikisim, wato darasin addini, ya raka gawa, ya sasanta ma'aurata. In bai zama ciyaman yanzu ba, to sai yaushe? Da ya ga karatun wannan Lahadin ya faɗo daidai ranar, sai ya ɗauka sama ce da kanta ta nuna masa hanya. Ai ga dabarar nan a rubuce: ka zauna baya, a kira ka gaba, a idon kowa.

An tashi daga Mas hadari yana haɗuwa ta wajen garin Madalla. Ɗakin taron ba zai ɗauki jama'a ba, don haka aka kafa rumfuna a fili, babban tebur a gaba da farin ƙyalle da furannin roba da lemon kwalba. 'Yan zumuntar mata suna ta kaɗa tulu suna rangaɗa guɗa. Obadiya ya bi ta tsakiyar fili a hankali, don kowa ya ga rigar, ya wuce kujerun roba, ya wuce na matasa, har can ƙarshe inda rumfa ta ƙare. Wani tsohon benci ne a wurin, ƙafarsa ɗaya an tokare da dutse, kusa da duron wanke hannu. Wata tsohuwa 'yar ƙauyen Iku mai sayar da daddawa tana zaune a gefe guda. Ya tattare riga ya zauna.

Bai daɗe ba sai ga Uju, shugabar masu zaunar da baƙi, da ɗamararta mai launin rawaya, tana haki.

"Baba, tun ɗazu nake nemanku! Me kuke yi a nan? An ajiye muku wuri a babban tebur, kusa da Fada."

Zuciyar Obadiya ta yi tsalle. Kusa da Fada! Ashe magana ta riga ta ƙare. Har ya ɗaga ɗuwawu, sai ya tuna: a cikin karatun ba 'yar aike ce ta zo ba, mai bikin ne da kansa. In ya bi Uju yanzu, a cikin wannan hayaniya, wa zai gani? Sai ya koma ya zauna, ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"A'a, 'yata. Nan ma ya ishe ni. Ki ba wa wanda ya fi ni."

"Haba Baba, don Allah ku taso."

"Na ce ki bar ni. Ba ki ji saƙona na safe ba?"

Uju ta dafa ƙirji, idonta har ya kawo ruwa. Yana kallonta ta koma, ta sunkuya ta yi wa Fada raɗa. Fada ya ɗago ya hango shi, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyaɗa kai a hankali. Obadiya ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, amma a ƙasan riga yatsun ƙafarsa rawa suke a cikin takalmi.

Aka fara kiran manya. Aka kira shugabar zumuntar mata, aka kira mai unguwa da ya zo taya murna, aka kira Ayobami, ya taso da hularsa a karkace yana ɗaga wa mutane hannu biyu. Obadiya bai damu ba, babban ango ai shi ake kira a ƙarshe. Can sai ya ga Uju ta ɗauke kujerar da ke hannun daman Fada, ta matso da ta Ayobami wurin. Ya ce a ransa, gyaran wuri ne kawai.

Ruwa ya sauko. Tamfol ɗin rumfar ya tara ruwa ya yi ciki, kuma da yake Allah ya tashi jarraba bawansa, ta daidai kafaɗar Obadiya ya sami hanyar tsiyaya. Ya matsa, benci ya yi ƙara ya karkata, tsohuwa ta ce, "Kai ɗan nan, za ka kayar da ni!" Ya dawo ƙarƙashin ɗigon. Kafin a kawo shinkafa, shaddar ta manne masa a baya, sitacin ya saki.

Daga bisani Fada ya miƙe ya karɓi makirufo. Matashi ne, bai daɗe da zuwa ba, irin mutanen nan masu tsarkin zuciya da suke ɗaukar kowace magana yadda aka faɗe ta.

"Jama'ar Allah, kafin in faɗi sunan sabon ciyaman, ina so ku juya ku dubi bencin baya."

Fili gaba ɗaya ya juya. Obadiya ya kama bakin riga, ya kafa ƙafa, yana shirin tashi. Ga ta nan tafe: aboki, matso gaba.

"Ba zan ɓoye muku ba," in ji Fada, "har na kwanta jiya, Baba Obadiya ne a zuciyata. Da safe na saurari saƙonsa, na ji ya ce wanda duk yake ƙaunarsa kada ya kira shi gaba. Na ce bari dai in gwada, na aika Uju. Ya ƙi. Ga shi can ruwa yana dukansa, bai motsa ba. Ni na yi wa'azin tawali'u da baki, shi ya yi da jikinsa. To ni wane ne da zan ƙwace masa ladansa? Baba, muna ƙaunarka, don haka ba za mu kira ka ba."

Wayyo, tafi! Mata suka saki guɗa, mai tulu ta ɗauka, wani dattijo har da share hawaye. Obadiya yana rabin tsaye rabin zaune, bakinsa a buɗe, hannu ɗaya a sama. So yake ya ce a dakata, ba haka ake karanta wurin ba, akwai sauran aya. Mutane suka ɗauka albarka yake sa musu, suka amsa da ƙarfi, "Amin!"

Sunan Ayobami da aka kira, a cikin guɗar ya ji shi, sama-sama. Abin ya soke shi ƙwarai. Duk bulon da ya ɗauka, duk asubar da ya yi, ga shi ta leƙo ta koma, kuma babu wanda zai kama da laifi. Ba a yi masa maƙarƙashiya ba, ba a zage shi ba. Abin da ya roƙa da bakinsa aka ba shi, har da gyara.

Mafi ciwo shi ne gaisuwar. Layi aka yi ana zuwa bencin baya. Wannan ya ce, "Baba, ka koya mana darasi." Wancan ya ce a sa shi a addu'a. Ayobami da kansa ya ratso ruwa ya zo ya rusuna, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Baba, ni na san ban kai ba. Duk abin da zan yi, sai na zo neman shawara."

"Allah ya taya riƙo," in ji Obadiya, yana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Farantinsa yana kan cinya bai taɓa ba. Tsohuwar ta leƙa, ta ga cinyar kaza tana shan ruwan sama.

"Ɗan nan, tunda ba ka son duniya, miƙo naman nan kada ya lalace."

Ya miƙa mata.

A cikin keke mai ƙafa uku, a hanyar gida, Debora tana zaune gefensa. Sai da suka wuce kasuwa ta sa hannu ta matse masa gefen riga, ruwa ya zuba a ƙafarta. Ta dube shi, ta ga idon dattijon ya yi ja, sai tausayi ya kama ta, ta haɗiye abin da ta tanada tun safe game da baki da yankan wuya.

"Ka yi haƙuri, Baban Comfort. Ai ko ba komai, yau duk garin nan an san sunanka."

"An san shi," ya ce. "An kuma ajiye min bencin har in mutu. Yanzu ko a kujerar roba na zauna, cewa za a yi na ja da baya."

Malam Sha'aibu yana ƙofar gida yana kwashe ruwa daga kwata. Ya ɗago da fara'a, "Ranka ya daɗe ciyaman! An dawo?" Obadiya ya ce masa sannu da aiki, ya shige.

Da la'asar ruwa ya ɗauke. Rigar tana shanye a igiya, ta zama kamar tsumman goge mota. Obadiya yana zaune a falo da singileti, ya jawo littafin Mas, don al'adarsa ce tun ranar Lahadi yake duba karatun mako mai zuwa ya fara juya shi a rai. Ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa. Can sai yatsan ya tsaya. Ya sake karantawa. Ya ɗago ya dubi talabijin, ya dubi firiji, ya leƙa ta taga ya dubi babur ɗinsa da ke jingine a gindin mangwaro.

"Me aka ce kuma?" in ji Debora, tana ajiye masa shayi.

"Wai duk wanda bai rabu da dukan abin da ya mallaka ba, ba zai iya zama almajirin Yesu ba."

Debora ta zauna a hannun kujera, ta sa tafin hannu ta rufe wayarsa da ke kan tebur.

"To, wannan karon ni za ka fara karanta wa kafin ka tura. Fadan nan ba ya jin wasa. Kada mu wayi gari mu ga an turo mota kwasar kaya."

Obadiya ya cire tabarau, ya rufe littafin a hankali, ya kurɓi shayi.

"Mako mai zuwa ba ni zan yi ba," ya ce. "Ai yanzu muna da ciyaman. Ki kira min Ayobami, ki ce ga shawarata ta farko."