Tafinta Ya Nemi Kansila

Har yau idan na tuna abin da Ben ya yi mana a Narayi sai raina ya ɓaci, daga baya kuma dariya ta kama ni.

Lokacin ne sojoji suka ce za su koma bariki, kowa ya zaro babbar riga daga akwati yana neman kujera. Mu 'yan unguwa muka tsayar da Ben takarar kansila, don shi kaɗai ya damu da kwatar da ke tura mana ruwa cikin gidaje duk damina. Ga shi da baki. Shekara da shekaru shi ne tafinta a cocinmu: fasto ya jefo Turanci, Ben ya cafe ya mayar Hausa, jama'a su amsa "Amin" har kwanon rufi ya ɗauka. Ashe bai taɓa faɗin maganar kansa a gaban taro ba.

Ranar fid da gwani aka taru a filin wata firamare. Tsarin jam'iyya ba wuya: ɗan takara ya yi jawabi, sannan ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga. Abokin karawarsa, Friday mai sayar da kayan babur, ya yi ihun sunan jam'iyya, ya yi alkawarin kwalta, ya sauka.

Ben ya hau benci ya ce, "Ruwa yana shiga ɗakunanmu." Sai ya dakata yadda ya saba, yana jiran Amin. To wa zai ce Amin ga ruwa a ɗaki? Mu kunne muka kasa, don maganar ta taɓa mu. Shi kuwa ya ɗauka ƙi ne. Nan idonsa ya faɗa kan Mama Comfort mai ƙosai, wadda hayaƙin itace ya daɗe da murtuke mata fuska. Ko ranar Kirsimeti haka take. Daga nan bai ƙara ganin kowa ba. Ya ƙarasa jawabin yana kallonta kamar mai ba da haƙuri.

Da ya sauko, matarsa Eunice ta riƙo hannun rigarsa.

"Baban Vicky, ka yi ƙoƙari."

"Wane ƙoƙari? Kowa ya ga ƙafata tana rawa."

"A cikin wannan zurmemen wandon? Ni da nake gaba ban gani ba. Ka daina auna taro da fuskar mutum ɗaya, ka duba sauran."

"Ba ki ji shirun ba?"

"Nan coci ne? Sauraro suke yi."

Ya kaɗa kai kawai. Mutumin da ya riga ya kayar da kansa, ko matarsa ba ya ji.

Aka ce 'yan takara su tsaya. Ben ya tsaya yana kallon katanga, muka jeru a bayansa, Mama Comfort a farko, layi har ya lanƙwasa ta gindin mangwaro. Ba mai tari, don an gargaɗe mu cewa layin da ya yi hayaniya ba za a ƙirga shi ba. Ben ya sake jin shiru, ya yanke cewa shi kaɗai ne tsaye. Kunya ta hana shi waiwaye. Don kada a yi masa dariya, sai ya taka a hankali, kai a sunkuye, ya je ya tsaya a ƙarshen layin Friday, wai shi mai dattako.

Mu kuwa bayan Ben aka ce mu tsaya. Muka zaci wuri aka canza masa, muka bi shi tiryan-tiryan.

Mai ƙirga ya fara daga kan Friday, ya bi layi har ƙarshe, ya ɗaga hannun Friday. Sai a lokacin Ben ya juya zai tafi gida. Ya gan mu. Ya daɗe yana bin fuskokinmu da kallo, har tausayinsa ya fara danne mini haushi.

"Duk waɗannan nawa ne?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Mama Comfort ta gyara ɗaurin zaninta.

"Ɗazu dai naka ne mu, ɗana."