Sunan Ɗan Fari

"Ki faɗa wa kotu sunan ɗanki," in ji alƙaliya. Tafinta ya mayar da maganar zuwa Hausa ta wayar da ke kan tebur.

Salamatou ta sunkuyar da kai. Hamissou ɗan farinta ne, kuma a Maraɗi inda ta tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta nuna tana son sa a gaban mutane. Tun haihuwarsa take yi masa wanka, take cire masa ƙayar kifi, amma bakinta bai taɓa furta sunan ba.

"Yaron ga dai," ta ce.

Yaron ga ƙato ne har da gemu, sai dai hankalinsa na ƙaramin yaro ne. Watan jiya 'yan sanda suka tsince shi tsakiyar titi a garin Landover, nan ƙasar Turawa, ba takalmi, uwar tana can shagon kitso. Yau za a yanke ko ya koma gida ko hukuma ta riƙe shi.

"Kina son ya zauna tare da ke?"

Tana so mana, kamar ranta. Amma ga Yacouba, ƙanen marigayi mijinta, zaune a bayanta. Ina za ta kai kunya?

"Mi zan yi da shi? Wahala ce kawai."

Tafinta ya juya maganar yadda take, bai rage ba, bai ƙara ba.

Alƙaliya ta tambayi Yacouba ko yana da abin cewa, tunda a gidansa suke. Yacouba ya san abin da ake nufi sarai, haka tasa uwar ta yi wa yayansa. Amma ya gaji da wankin katifa, kuma yana son ɗakin.

"Kun dai ji da bakinta," ya ce da Turanci.

Sai da ma'aikata biyu suka kama hannun Hamissou suka nufi wata ƙofa sannan Salamatou ta gane. Ta miƙe, mayafi ya zame.

"Hamissou!"

Ya waiwaya yana neman mai kiransa. Ya dubi alƙaliya, ya dubi ɗan sanda, idonsa ya wuce ta kanta bai tsaya ba. Inna ba ta kiransa haka. Aka rufe ƙofar.

Yacouba ya tsince mayafin ya miƙa mata.

"Haba Salamatou," ya ce a hankali. "A gaban mutane? Ɗan fari ne fa."