Gaisuwar Mutuwa a Maroko

Jikana Zainul Abidin ne ya kai ni Maroko, bayan ya gama karatunsa a birnin Fas. Muka yi ziyarar waliyyai lafiya, sannan ya ɗauko mota da direba, wai zai nuna mani ƙasa kafin mu komo Bauranya.

To, na ga ƙasa. Na ga ganuwa, na ga lungunan da jaki biyu ba su iya wuce juna, na ga majema, wari har cikin ƙwaƙwalwa. Muka hau duwatsu, hanya tana ta nannaɗewa. Ko'ina aka tsaya sai ya ce, "Tsohuwa, gyara mayafi," ya jingina ni da bango ya ɗauki hoto.

Amma ban shiga gidan kowa ba. Kuma na san halin Sa'a, maƙwabciyata. Ba za ta tambaye ni dutse ba. Cewa za ta yi yaya matansu suke a cikin gida, wa ke girki, wa ke da baki. In na ce ban gani ba, har in mutu tana yawo da ni a gidajen suna, wai cikin mota kawai aka nuna mani ƙasar.

Na gaya wa Zainu. Ya ce, "Nan ba Bauranya ba ce da za ki rangaɗa sallama ki afka gidan mutane."

Ana gab da komowa, muka gangara wajen rairayin hamada, inda ya shirya mu hau raƙuma kafin rana ta faɗi. Muna ratsa wani ƙauye na jar ƙasa, dabino kewaye da shi, sai na hango maza jere a tabarmi ƙofar wani gida, ana shafa fatiha. Mata suna shiga, babu mai dariya.

Na ce, "Ka ce wa direba ya tsaya. Rasuwa aka yi."

"Kaka, ba mu san su ba."

"Ni ban taɓa wuce zaman makoki ban yi gaisuwa ba. Ba kuma a ƙasar mutane zan fara ba."

"Gaisuwa ko gulma?"

"Duka biyun, mijin banza."

Direba ya dubi agogo ya ci gaba da tafiya. Sai na kama ƙofa na buɗe ta mota tana gudu. Ya taka birki yana ta zuba Larabci. Na sauka, na samu wani dutse bakin hanya na zauna.

Zainu ya fito. "Raƙuma za su tafi su bar mu."

"Su tafi. Raƙumi na gan shi a kasuwar Kankiya tun ba a haifi ubanka ba. Ko ka raka ni, ko ka koma gida ka faɗi inda ka yar da ni."

Ya tsaya yana duban sama. Can ya cire tabarau, ya nufi mazan nan, ya yi masu magana. Suka matsa mashi wuri. Wata mata ta fito ta kama hannuna.

Tsakar gidansu ƙarama ce, mata cike. Aka zaunar da ni kusa da matar mamacin, tsohuwa kamata, da tsagar ado a haɓa. Na yi mata gaisuwa da Hausa, na ce Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri. Ta riƙe hannuna ta fashe da kuka. Ni ma na yi, kuma na gaske ne, don na san wannan zaman.

Da hawaye suka bushe ido ya buɗe. Akwai wata doguwa, daga gani ƙanwar mamacin ce, ta kame bakin madafa. Matar ɗansa ke ta aiki, tana turara wani abinci irin dambu. Duk sanda yarinyar ta juya baya, sai doguwar ta buɗe tukunya ta ɗanɗana, ta taɓe baki, ta ƙara gishiri. Sau nawa ina gani. Matar mamacin ta mintsine ni a cinya, ta nuna mani ita da leɓe. Na gyaɗa kai. Da aka zubo abincin, gishiri ya yi yawa, doguwar kuma ita ta fara hararar yarinyar.

Sai da aka kira magariba na fito. Zainu yana cikin maza, hannunsa dumu-dumu a akushi.

Ya ce, "Amarya, kin gamsu? Mu tafi?"

Na ce, "Tambaya mani ko gobe ma ana zama. Akwai wata mai jan mayafi da ban gane matsayinta ba tukuna."