Tarin Malam Lado

Duk wanda ya san Alhaji Ashafa na Kurfi, da ido ya san shi. Shekara da shekaru yana jan babbar mota tsakanin Legas da Maraɗi, ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma bai bar kowa ya manta da haka ba. Shaho ake ce masa a tasha. Da ya ajiye babbar mota sai ya sayi wata tsohuwar Marsandi, shi ke jan abinsa, ba ya ba kowa makulli. Sannan a kan tsufa ya kamu da son ƙwallon lambu, wasan nan da 'yan boko ke ce wa golf.

Saje Simeon ne ya kawo wasan nan zuwa Dutsin-Ma. Tsohon soja ne, a bariki ya koya, da ya yi ritaya ya ga garin ya yi masa, ya zauna. Ya roƙi wata saura a hanyar dam ɗin Zobe, ƙasar da ko gero ya ƙi ta, ya haƙa ramuka, kowane rami ya kewaye shi da yashi gauraye da baƙin mai, aka daɓe. Wurin nan shi ake kira fage. Mutum zai yi ta dukan ƙwallo daga nesa har ya kawo shi fage, sannan ya canza sanda, ya lallaɓa shi ya gangara cikin rami. Duk daɗin wasan da baƙin cikinsa a wannan lallaɓawar suke. Ƙarfi ba ya aiki a nan, sai ido.

To, idon ne ya fara tafiya.

Na'ima, ɗiyar Alhaji, ita ta fara gani. Ta je gaida shi, ta ajiye masa kofin fura, ya miƙa hannu ya damƙi iska. Ta dubi ƙwayar idonsa ta ga wata farar yana ta fara rufe ta. Da ta koma gida ta gaya wa mijinta Lado, mai shagon taki da iri a kasuwar Kurfi, ta kuma roƙe shi kada ya nuna ya sani. Ta ce Baba ya fi son a ce ya mutu da a ce Shaho ya makance.

Roƙon ma bai zama dole ba. Lado suruki ne irin na da. Ba ya cin abinci gaban Alhaji, ba ya haɗa ido da shi, ba ya wuce gabansa in suna tafiya. Wasan ma Alhaji ne ya ja shi ciki, don ya rasa abokin tafiya daga Kurfi, shi kuwa ba shi da bakin cewa a'a. Ta ina irin wannan mutum zai buɗe baki ya ce wa uban matarsa, ba ka gani?

Sai ya nemo wata hanya. In suna cikin mota, ya hango rami a kan titi, sai ya ce kamar mai hira da kansa, wai har yanzu ba su cike ramin nan na hannun dama ba. Alhaji ya ce ai ba su da tsoron Allah, ya kauce. In ya hango shanu za su ƙetara, sai ya yaba ƙibarsu tun daga nesa. A fage kuwa, dama can al'adarsa ce in Alhaji zai buga ya koma bayansa ya tsuguna, kai a sunkuye. Wata rana ya ga sandar tana kallon daji, tari ya kuɓuce masa. Alhaji ya ɗan juya sandar. Daga ranar abin ya zama yare. Tari ɗaya, a matsa dama. Biyu, hagu. In shiru, a buga. Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar a cikinsu, ko a mota, ko a gida. Mutanen fili kuma suna ta yabon ladabin Lado, ana ce wa samari su yi koyi.

Haka aka yi ta tafiya har ranar karon Kurfi da Dutsin-Ma, wanda ake yi bayan an gama kaka. Kowane gari mutum biyu, ƙwallo ɗaya, bugu karɓa-karɓa. Wanda aka ci shi ke kawo akuyar gashi, amma akuyar ba ita ce abin gudu ba, gorin shekara guda ne. Kurfi ta fitar da Alhaji da Lado. Dutsin-Ma ta fitar da Saje Simeon da Edwin mai kemis, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gida kaifi, ga shi da tsokana kamar ɗan tasha.

Bayan la'asar aka fara. Mutane sun taru, har da masunta masu dawowa daga dam sun jingine kekunansu. Kurfi ta fara da ƙafar dama. Lado na da hannu a bugun nesa, Alhaji kuma duk wanda ya lallaɓa sai ya faɗa rami. Edwin ya yi ta kallo. Da aka kai tsakiyar wasa ya matsa kusa da Saje, ya yi magana yadda kowa zai ji. Ya ce shi fa ba ya hana mutum ladabi, amma yau ba wasan gida ake ba, a gaya masa abin da doka ta ce game da mai tsugunawa a bayan abokinsa.

Saje ya sosa ƙeya, don ya daɗe yana ganin abin yana kau da kai. Ya ce dokar a fili take. Abokin wasa yana da ikon duba hanya, ya nuna da hannu, ya faɗa da baki, duk ba laifi. Amma da zarar mai bugu ya fara kafa ƙafafunsa, dole abokin ya bar saitin bayansa, ya koma gefe. In ya tsaya nan, an ci su a wannan ramin ke nan. Ya ce na baya ya wuce tunda ba a yi magana ba, daga yanzu a kiyaye.

Alhaji ya yi dariya ya ce ai shi ko a can ƙauyen Barkiya Lado ya tsaya, ƙwallo ya san gidansa.

A rami na gaba Lado ya koma gefe. Tsaye, fuska da fuska da surukinsa, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Daga nan ba ya ganin saiti, ko ya yi tari ƙarya zai yi. Alhaji ya kafa ƙafa, ya jira. Shiru. Shiru kuwa a yarensu buga ke nan. Ya buga, ƙwallo ya tafi tiryan-tiryan ya tsaya a kan wani tabon baƙin mai, nesa da rami kamar tsawon tabarma. Wani masunci ya tuntsire da dariya. Edwin ya ce, Shaho yau ƙadangare ya hango. Alhaji ya ce yashin Saje ne ya karkace, ba a daɓe shi da kyau ba. Wuyansa kuwa ya jiƙe da gumi, Lado yana gani.

Haka ramuka suka yi ta zubewa, abin da Kurfi ta tara ya narke, aka zo na ƙarshe kunnen doki. Lado ya kawo ƙwallo fage, kusa ƙwarai, abin da yaro zai tura da yatsa. Bugun Alhaji ne. Ya sunkuya, ya kafa ƙafa, sandar ta nufi wani waje dabam. Kowa na shirin gani. In ya ɓarar da wannan, ba yashin da zai ɗauki laifi.

Lado bai san sa'ad da ƙafafunsa suka kai shi ba. Ya zagaya baya, ya tsuguna kamar mai cire ƙaya daga takalmi. Ya yi tari biyu. Sandar ta juyo. Ya yi shiru. Ƙwallo ya gangara ya faɗa rami.

Mutanen Kurfi suka fara tafi, amma tafin bai yi nisa ba. Edwin ya ɗaga hannu. Ya ce shi mai sayar da maganin tari ne, ya san tari iri-iri, amma bai taɓa jin wanda ke juya sanda ba sai yau. Ya ce tun farko yake lura. Saje ya ce tarin ba shi ne laifin ba, da Lado ya faɗa da baki daga gefe ma ba komai, wurin tsayuwar ne ya kashe ramin. Edwin ya ce to in ba komai, me ya sa ake ɓoyewa a cikin maƙogwaro? Abin da ake yi a ɓoye bayan an yi gargaɗi, a garinsu sunansa maguɗi, bai san sunansa a Kurfi ba.

Idanu suka koma kan Alhaji. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke yaron. Sai ya juya inda yake jin Lado yake, ya ɗaga murya.

"Kai, wa ya sa ka? Ni na ce ka tsaya mani a baya? Mi na rasa da zan nemi tarinka?"

Bai taɓa kiransa da kai gatsau haka ba, kullum Malam Lado ne. Lado yana tsugune har yanzu, idonsa a kan yashi.

"Laifina ne, Baba. A yi haƙuri."

Wani daga baya ya ce ashe ladabin na kasuwa ne. Wani ya ce Malam Mai Tari, aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kuma duk wanda ya san garuruwan nan ya san irin wannan suna ba ya fita da wanki. Gobe mai zuwa sayen taki zai duba buhu sau biyu.

Saje yana tattara sandunansa, bai dubi kowa ba, ya ce akwai dai rangwame ɗaya da ya sani a dokar. Wanda idonsa ya tafi, an yarda masa ɗan jagora, ya tsaya bayansa ya saita shi har ya buga, ba wanda zai ce uffan. Amma sai mutum ya faɗa da bakinsa kafin a fara.

"A nan ba makaho," in ji Alhaji.

Aka ba Dutsin-Ma wasa. Aka koma gindin marke inda ake hura wutar gashi. Alhaji ya ce shi ba zai tsaya ba, yana da uzuri a Kurfi. Ya nufi mota, Lado na biye da shi da jakar sanduna.

Ya shiga, ya yi ta laluben ramin makulli har ya samu. Suka hau hanyar da ke fita titi. Rana ta yi ƙasa, tana dukan gilashi. Can gaba wasu mata sun fito daga gonar rani da kwandunan tumatir a ka, suna bin gefen hanya. Motar ta doshi gefen. Lado ya ce, cikin muryar da ya saba, wai bana tumatir ya yi kyau, ga mata can a hannun dama sun ɗebo.

Alhaji ya taka birki. Bai kauce ba, tsayawa ya yi cak, ya kashe mota. Matan suka wuce suna gaishe su. Alhaji, hannuwansa a kan sitiyari, ya tambaya.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina, Baba."

"Na'ima ta sani?"

"Ita ta gaya mani."

Alhaji ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar. Ya ce ramukan titi, da shanu, ashe duk jagora ake yi masa? Lado ya gyaɗa kai. Alhaji ya ce ai shi ma ya sani. Ya sani tun ranar farko. Muryarsa ta yi ƙasa har da ƙyar ake ji.

Ya zare makullin ya ajiye a kan cinyar Lado, ya buɗe ƙofa ya fita. Lado ya yi zaton zagayowa zai yi ya zauna a ɗaya gefen, sai ya ji yana cewa a miƙo masa sandar nan ta fage. Ya miƙa. Alhaji ya riƙe kanta, ya miƙo wa Lado gindin, yadda kowa ya san ana riƙe sanda in mutum biyu za su yi tafiya ɗaya yana gani ɗaya ba ya gani. Daga inda suke ana hango hayaƙin gashi a gindin marke, ana jin dariyar Edwin.

"Baba, a bari sai gobe. Ni ban damu ba."

"Ni na damu. A gabansu na faɗa, a gabansu zan janye. Wuce gaba, Malam Lado."

Lado bai taɓa wuce gaban mutumin nan ba tun ranar da aka ba shi Na'ima. Ya tsaya yana kallon gindin sandar. Sannan ya cire takalmansa ya riƙe a hannun hagu, ya kama sandar da dama, ya shiga gaba, kansa a sunkuye. Da suka doshi marke, dariyar ta fara raguwa, mutum bayan mutum, har ba a jin komai sai ƙarar kitse a kan wuta.