Saɓar Kwandasta

"Ba inda za ka shiga," in ji tsohon direba, ya tokare ƙofar ɗakinsa da sanda.

Mai feshi ya tsaya turus, tankin magani goye a bayansa, ƙyalle ɗaure a hanci. Ya waiwaya yana neman wadda ta kira shi. Sai ga ta ta fito daga kicin tana goge hannu. 'Yar tsohon ce, nas a asibiti, wadda ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta a saman bene tun lokacin da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Mamana yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, ita kuwa ta ɗauki sunan da gaske. Ita ke cewa ga abin da zai ci, ga lokacin da zai kwanta, ga gishirin da ba zai ƙara gani ba har abada.

"Baba, mene ne kuma?"

"Ni za ki tambaya? Wa ya ce mini yau za a yi feshi?"

"Kyankyasai sun cinye mana kicin. Ai na faɗa."

"Kin faɗa wa mijinki. Kin faɗa wa maƙwabta. Ni kuwa kujera ce a gidan nan, wa ke shawara da kujera?"

Abin da ya tayar masa da hankali yana kan tagar ɗakin, cikin wata kwalbar roba da ya huhhuda da ƙusa mai zafi. Gizo-gizo ne ɗan ƙarami, bai kai farcen ɗan yatsa ba, irin masu tsalle ɗin nan da ba sa shimfiɗa yana su jira abinci, sai dai su laɓaɓa su dira a kan ƙuda. Ranar da tsohon ya fara ganinsa, a lokacin ko cokali ba ya iya riƙewa, abin ya yi tsalle daga labule ya dafe hannunsa da ya mutu, ya juyo ya zuba masa manyan idanu biyu kamar mai jiran kuɗin mota. Nan take ya raɗa masa suna Kwandasta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar bas, bai taɓa ganin yaron mota mai iya dafe ƙofa irin wannan ba. Da kama wa Kwandasta ƙuda ne hannun nan da ya mutu ya fara motsi, abin da duk ƙwallon robar da Mamana ta kawo masa daga asibiti ta kasa yi.

To ga shi yanzu Kwandasta ya daina ci. Ya hau can saman kwalbar, ya saƙa wani farin buhu mai kauri ya shige ya rufe kansa.

"Saɓa zai yi," tsohon ya ce. "Fatarsa ta matse shi, zai tuɓe ta. A irin wannan lokaci ba a taɓa shi, ba a girgiza shi, ko ƙuda ba a saka masa, don ƙudan ma zai iya yi masa illa. Ɗan ɗigon ruwa kawai nake shafa wa jikin kwalbar don kada fatar ta bushe ta riƙe masa ƙafa. Ke kuma kin kwaso mini guba."

Mai feshi ya sassauta ƙyallensa. "Baba, gizo-gizo fa ka ce? Ai su ma cikin aikina suke. Kyauta ma nake haɗawa da su."

"Kai, rufe mini baki! Da kai nake?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Amma ko na tsallake ɗakinka, maganin nan ta ƙarƙashin ƙofa zai shiga. Kowa ma fita zai yi sai la'asar."

"To a ɗaga zuwa wani makon."

"Yau kaɗai nake da hutu, Baba," in ji Mamana, da muryar nan da take lallashin marasa lafiya masu taurin kai, muryar da ya tsana fiye da allura. "Ƙwaro ne fa. In ya mutu bangon waje cike yake da 'yan'uwansa."

Wannan magana ta soke shi har ƙashi. Ya juya yana jan ƙafa, ya ɗauki kwalbar a hankali kamar mai ɗauke da kofi cike da tafasasshen shayi, ya manna ta a ƙirji. Sai a bakin matakala ya tuna hannu ɗaya gare shi mai ƙarfi, kuma wannan hannun ne ke riƙe sanda. Ya tsaya yana kallon matakalar, yana lissafin yadda zai yi.

Da ta bar shi, da ya samo dabara. Amma ina, Mamana ba ta iya ganin mutum yana tunani ba ta taimaka masa ba.

"Kawo in riƙe maka."

"Bari!"

Ta riga ta fizge. Jikin kwalbar da damshi, hannunta da sauran sabulu. Kwalbar ta suɓuce, ta bugi matakala, ta yi tsalle, ta gangara ƙwal-ƙwal-ƙwal har sai da bango ya tare ta a ƙasa.

Tsohon bai yi ihu ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya sauka da kansa, mataki bayan mataki, ta miƙo hannu ya ture shi da gwiwar hannu. Ya durƙusa da ƙyar ya ɗauki kwalbar. Murfin bai buɗe ba. Farin buhun yana nan, amma gefe ɗaya ya ɓalle yana reto, kuma babu abin da ke motsi a ciki.

"Baba, wallahi ba da gangan..."

"Je ki yi feshinki."

A ƙasan benen akwai shagon aski da benci a gabansa. Nan ya zauna a inuwa, kwalbar a kan cinyarsa, ya kare ta da tafin hannu daga hasken rana. Mai aski ya leƙo, ya ji labari, ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin mai jinyar gizo-gizo ba. Tsohon ya ce masa shi ma tunda yake bai taɓa ganin mai aski mai sanƙo da ke sayar da maganin tsiro da gashi ba. Daga nan aka shafa masa lafiya.

Haka ya wuni yana tafasa. Motoci suna wucewa yana jin kowane canjin giya da aka yi ba daidai ba, yana tsaki. Shi da ya yi shekara da shekaru rayukan mutane na hannunsa, ba wanda ya taɓa ƙwarzanewa, yau an wayi gari ba a yarda ya sauko da kwalbar roba ba. Abu ɗaya tak ya mallaka a gidan nan wanda ba a saya masa ba, ba a zaɓa masa ba, ba a auna masa ba, shi ne aka wurgar a matakala. Aka aiko masa da abinci, ya ce a mayar. Ko ruwan da ya karɓa, yatsa ya tsoma ya shafa wa ramukan kwalbar kafin ya kurɓa.

Zafin rana da gajiya suka rinjaye shi, gyangyaɗi ya ɗauke shi, hannunsa na kan kwalbar.

Salatin Mamana ne ya tashe shi. Tana tsugune a gabansa, ta toshe baki da hannu, idonta a kan gindin kwalbar. Ya duba. Ga Kwandasta nan a ƙasa, a rigingine, ƙafafu a nannaɗe, ko motsi ba ya yi.

Ya ɗago kwalbar kusa da idonsa, sai abin da ke ƙasan ya gangara gefe, shafal kamar ɓawon gyaɗa. Bayansa a tsage yake, cikinsa fayau. Ashe tsohuwar fatar ce. Tsohon ya ɗaga ido a hankali zuwa saman kwalbar. Ta bakin farin buhun, ta gefen da ke fuskantar ƙirjinsa, wasu ƙafafu sababbi, fari-fari, masu laushi, suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. A bayansu ga manyan idanun nan biyu suna kallonsa.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji Mamana ta fashe da kuka.

"Na kashe maka shi, Baba. Ka ce in bari, ban bari ba." Ta zauna a ƙasa daɓas a gaban shagon, da tsadadden zanenta, ta dafa gwiwarsa. "Kullum haka nake maka. Kana magana ina abin da na ga dama. Ko tambayarka ban yi ba na kira mutumin nan. Ni gani nake in na saki, wani abu zai same ka, shi ya sa nake... Ka yafe mini. Wallahi daga yau ko labulen ɗakinka ba zan taɓa ba sai ka ce."

Rabon da ya ji ta yi masa magana da muryarta ta gaskiya, ba ta asibiti ba, tun kafin ya kwanta ciwo. Tausayinta ya kama shi, don 'yarsa ce, kuma kukanta bai taɓa yi masa daɗi ba tun tana cikin zanen goyo. Amma haushin safiya bai gama sauka ba, kuma maganar da take yi ya daɗe yana jiran ta.

"Labule kawai?" ya ce.

"Komai, Baba. Komai na ɗakin."

"Uhm. Ina jin ki."

Ya ɗan juya kwalbar, ya rufe samanta da tafin hannunsa. Zai gaya mata, ai dole ya gaya mata. Amma bari ta gama tukuna.