Kwalar da Kowa Ke Yankewa

Auta ta kife gwangwanin a kan teburin aikin mahaifinta. Ƙananan gutsattsarin dalma suka watse tsakanin filaya da magagari, wasu suka gangara ƙasa.

"Ɗari uku da sha ɗaya," in ji ta. "Duk a bakin ruwa na tsince su, cikin kwana huɗu."

Baba bai ɗago kai ba. Yana riƙe da ludayin ƙarfe, yana tsiyaya narkakkiyar dalma a mazubi. Shekara talatin ke nan yana wannan sana'a: ya kwantar da ƙugiya a cikin mazubi, ya zuba dalma, ta fito da kai mai nauyi wanda ke nutsar da ita cikin ruwa. A ƙarƙashin kan akwai wani ɗan tudu da ya zagaye ƙarfen, shi ake kira kwala. An yi shi ne don ya riƙe tsutsar roba da masu fatsa ke soka wa ƙugiya. To amma robar yanzu laushi gare ta. Da an tura ta kan kwalar sai ta tsage, jifa biyu ta zame ta bi ruwa.

Wata biyar ke nan Auta tana faɗar wannan, tun da ta gama makarantar koyon fasaha ta dawo shagon. Ta gwada a baho, ta zana a takarda, ta yi bayani har muryarta ta dishe. Gyaran bai fi aikin minti goma ba: a cike ɗan ramin da ke fitar da kwalar a jikin mazubin, shi ke nan. Kullum amsa ɗaya ce: "Haka na same shi." A aljihun rigar aikinta akwai takardar ɗaukar aiki daga wata masana'anta mai nisa, kuma gobe ne wa'adin amsawa. Baba ya san da ita. Ta ƙudurta a ranta cewa in ya bar ta ta taɓa mazubin nan yau, yaga takardar za ta yi.

"Injiniya ta koma tsintar shara," in ji Kawu, ƙanen mahaifiyarta, wanda ke zaune a kan kifaffen bokiti yana warware zaren fatsa. "Karatun ke nan?"

"Ba shara ba ce, Kawu, kwalarmu ce. Baba, duba bakin yankan. Filaya ce. Duk wanda ya sayi ƙugiyarmu sai ya yanke kwalar kafin ya jefa ta ruwa. Muna shan hayaƙi muna zuba abin da za a yar."

"Ni ban taɓa ganin mai yankewa ba," in ji Kawu. Ya jawo jakarsa ya tura ta tsakanin ƙafafunsa.

Auta ta bi jakar da kallo. "Buɗe mu gani."

"Ke, jakar babba ce."

"Ƙugiya ɗaya kawai za ka nuna mini."

Kawu ya danne jakar da gwiwa. Baba ya ajiye ludayin, kafaɗunsa suna rawa, dariyar da yake ta dannewa ta ƙwace masa.

"Nuna mata mana. Shekara goma sha biyu kana laɓewa bayan kwale-kwale da filayarka."

Kawu ya saki baki. "Wa ya gaya maka?"

"Kai ka gaya mini, ka rantsar da ni kada kowa ya ji. Haka abokan fatsarka ma: Dogo ya rantsar da ni. Mai-jan-hula kuwa cewa ya yi a mafarki aka nuna masa."

"Dogo ma yana yi?" Kawu ya miƙe, zaren ya harɗe masa a ƙafa. "Ɓarawon banza. Leƙe na ya yi, wallahi."

Auta ta tsaya tana dubansu. Wata biyar tana kawo hujja ga mutumin da ya riga ta sani da shekara goma sha biyu.

"Ashe ka sani, Baba."

"Wa zai riga ni sani? Ni nake zuba ta."

"To me ya hana ka gyara?"

Baba ya buɗe mazubin, ya zazzage ƙugiyoyi shida a kan tsumma, ya jera su. "Ranar da na miƙa musu ita ba kwala, me za su yanke? Mutum ya zauna shi kaɗai, ya waiga dama ya waiga hagu, ya yanke ɗan abin nan, ya shiga ruwa yana jin ya fi kowa wayo. In ya kama kifi, dabararsa ce. Kina so in raba tsofaffi da dabararsu?"

"Ina so a yi abu daidai tun daga farko." Ta ji muryarta tana hawa, ta kasa sauke ta. "Mutum arba'in suna ɓata lokaci suna gyara kuskure ɗaya, kowa yana ɓoye wa kowa, ku kuma kuna dariya. Dubi yatsan Kawu, tabon filaya ne. Kuma dalma guba ce, Baba. A inda na tsince su agwagi ke kiwo, nan mata ke ɗibar ruwa."

Dariyar ta bar fuskar Baba. Ya ɗauki gutsure ɗaya ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Nan kam kin yi gaskiya," in ji shi a hankali. "Bai kamata a bar ta a can ba."

Har Auta ta miƙa hannu wajen mazubin.

Baba ya sa gefen hannu ya share gutsattsarin daga tebur zuwa cikin ludayi, ya durƙusa ya tsince na ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya juye su duka a tukunyar da ke kan wuta. Suka nutse, suka narke, saman dalmar ya koma sumul. Ya jera sababbin ƙugiyoyi, ya rufe mazubin, ya zuba. Da ya buɗe, shida suka fito, kowacce da kwalarta tana ƙyalli.

"Dalma mai kyau," in ji shi. "Gobe ki koma bakin ruwa da babban gwangwani."

Auta ta zaro takardar daga aljihu, ta cire rigar aikin, ta rataye ta a ƙusar da ke bayan ƙofa. Baba ya dubi rigar, ya dubi takardar, sannan ya mai da idonsa kan wuta.

A bakin ƙofa Kawu ya tarar da ita, yana jan zare a ƙafa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya.

"Injiniya, ni fa a karkace nake yanke tawa. Wannan dai Dogo bai sani ba. Kada ki gaya wa kowa."