Sunan 'Yar Fari

Ramatu na tsaye a bakin ƙofar ɗakin likita, ta harɗe hannu kamar wadda ta rako maƙwabciya. Alhali wadda ke kwance a gadon, leɓe ya yi fari fat, 'yarta ce ta fari, Tahira. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Haka ta gaji kunyar ɗan fari a Tibiri, kuma har alfahari take da ita.

Tun bayan sunan jaririnta jini bai tsaya wa Tahira ba. Ramatu ta sani sarai, ita ke wanke zannuwan. Amma da aka iso Maraɗi sai Alhaji Alkasim, yayan mijin Tahira, ya shige gaba da babbar rigarsa, ita kuwa ta ja baya yadda uwa ta gari ke yi.

Majo, babban malamin jinya, ko gadon bai duba ba.

"Alhaji, mi ke damunta?"

"Masassara ce. Ku yi mata allura mu tahi, motar kayana na jirana."

"Kina jin sanyi?" in ji majo, idonsa na kan Alhaji.

Tahira ta gyaɗa kai, ta ƙara jan mayafi. To me za ta ce? Wace mai jego ce za ta ambaci jini a gaban yayan mijinta? Ran Ramatu ya ɓaci. Ciwo a jikin wata, amsa a bakin wani! Mutumin da bai san komai ba sai farashin buhun gero, shi ne yau masanin cikin mace. Haushin kanta ma ya fi cin ta, da ta tsaya ƙerere tana tsaron mutunci, 'yarta na tsiyayewa.

Majo ya zuƙi allura. Alhaji ya fara kaɗa makullin mota.

"Tahira!"

Daga bakin ƙofa kiran ya fito. Ita kanta Ramatu sai da sunan ya yi mata baƙo a baki.

"Alhaji, hita waje. Kai kuma aje allurar ga, ka kira mace ta tambaye ta. Ba ta da baki ne? Ɗiyata ce, ba buhu ba!"

Alhaji ya fita yana salati. Ungozoma Mansura ta shigo, ta ja labule, ta durƙusa daidai kan Tahira ta tambaye ta a hankali. Da ta ɗaga zanen, sai ta ƙwala kira a kawo gadon turawa, a nemo jini.

Ana tura ta, Tahira ta damƙo gefen mayafin uwarta.

"Inna, sake hwaɗi in ji."

"Ji min ɗiya! Ana ta rai kina ta suna?"

Amma ta bi gadon da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa, tana kiran sunan da ƙarfi, duk mutanen Tibiri da ke zaune a baranda suna ji.